Ƙarfen Ƙafar Baba

Bayan shanyewar ɓarin jiki da Baba ya yi, ƙafarsa ta hagu ta daina ɗaukarsa. Burinsa guda ne: ya koma masallacin layinmu a Wulari, ya tsaya a sahu kamar kowa, ba a kan kujera ba.

Ban daɗe da gama jami'a ba a lokacin, ni na yi ta kai-komo har aka ara mana wani ƙarfen ƙafa mai batir. Ana ɗaura shi daga cinya zuwa idon sawu. A jikinsa akwai 'yan na'urori kamar ƙwayar dabino masu jin motsi. Iya fahimtata, idan mutum ya karkata gaba, sai su sanar da injin gwiwa cewa tafiya zai yi.

Ran farko a masallaci, Baba na sunkuyawa ruku'u, ƙarfen ya ɗauka tafiya ce. Ƙafar ta fita daga sahu da kanta, ya dafe bayan na gabansa.

Da aka sallame ya ce, "Injiniya, jakin naka bai iya salla ba."

Na kira mai gyaran irin waɗannan ƙarafa, ya ce koya masa ake yi. Muka shimfiɗa darduma a tsakar gida, Baba ya yi ta ruku'u da sujada ina danna wayar da ke haɗe da injin, har ƙarfen ya gane: a sunkuyo ya riƙe gwiwa, a saukowa ya sake ta a hankali. Baba ya koma sahu. Har Kasuwar Kwastam ya je don kawai abokansa su gan shi a tsaye.

Wata La'asar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ƙarfen na jingine da bango, ina zaune ina masa fifita. Muna jin lasifikar masallaci. Liman ya yi kabbarar sujada, sai na ji ƙarar injin nan siririya. Gwiwar ta lanƙwashe a hankali, ƙarfen ya sauka har ƙasa. Ya ɗan jima. Da kabbara ta gaba ya fara miƙewa.

Wataƙila janaretan maƙwabta ne ya girgiza bangon. Mai gyaran ya ce hakan na iya faruwa, ko da yake bai kalle ni ba da yake faɗa. Ina kyautata zaton na kashe ƙarfen tun da safe, amma ba zan rantse ba.

Baba ya faɗi wani abu da Kanuri ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Wa ke ciki?"

"Ba kowa, Baba. Motsi kawai yake ji."

"Motsin wa?"

Na ci gaba da yi masa fifita.

Da ya warware na kawo masa ƙarfen, ya janye ƙafarsa da hannu biyu.

"Ɗauko min kujerar," ya ce.

A kanta yake salla har yau, a ƙarshen sahu, jikin ƙofa.