Na San Ba Aljani Ba Ne, Amma Na Yi Shiru

A shekarun da zan ba ku labari, ni matar gida ce mai 'ya'ya uku a wani ƙauye da ke bayan Tudun Wada. Na gama sakandare kafin aure, ina zuwa Islamiyyar matan aure ranar Asabar da Lahadi, kuma a gidanmu an san ni da raunin zuciya, don ko kaza za a yanka sai na shige ɗaki. Maigidana manomi ne, masara da shinkafa, mutum mai sanyin hali wanda yara ke hawa wuyansa yana cin tuwo bai ce musu komai ba. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da yayansa da iyalinsa. Na rubuto ne don abin ya daɗe yana cin raina, ina kuma roƙon a sakaya sunana.

Shekarar da mahaifinsu ya rasu, gonar tsohon ta dawo hannunsa, ga tasa, ga kuma wata sabuwa da ya share ta wajen Doguwa, inda sai da ya sare wata tsohuwar tsamiya kafin garma ta shiga. Aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wani abokinsa mai dakon buhuna a kasuwar Ƙafin Maiyaki ne ya fara ba shi ƙwayar nan da ake cewa taramol, wai tana kashe gajiya. Ta kuwa kashe. Sai ya fita da asuba bai dawo ba sai magariba, maƙwabta suna tsokanarsa da tarakta, suna cewa ya faɗa musu inda yake shan mai. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na ga abin da ba su gani ba. Ya daina cin abinci sai shayi mai uban sukari, yana yawan susa, idonsa ya kaɗa, yaro ya yi motsi kaɗan ya daka masa tsawa. Ranar wanki na riƙa tsintar ɓawon ƙwayoyin a aljihunsa. Da na tambaye shi ya ce maganin ciwon baya ne. Da na sake tambaya bayan sun yi yawa, ya kwaɗa mini marin da ya zama na farko a aurenmu. Daga nan duk wanda na tsinta sai in jefa a murhu, kada matar yayansa ta gani.

Da kaka, ana tsakar casar shinkafa, ya yanke jiki ya faɗi a cikin mutane, yana shure-shure, kumfa da jini na fita ta bakinsa don ya ciji harshe. Da aka kawo shi gida Inna ta dube shi ta tafa hannu, ta ce ai dama ta faɗa, ba a sare tsamiya a kwana lafiya, masu gidan ne suka biyo shi. Kowa ya ce haka ne. Ina tsaye da buta a hannu, na san gaskiya, ban buɗe baki ba. Tun ranar da za a kawo ni aka yi ta nanata mini cewa mace sutura ce ga mijinta, abin ɗaki ba ya fita tsakar gida. Kuma na san garinmu. Wanda aljani ya taɓa ana zuwa yi masa sannu, ana cewa jarrabawa ce. Wanda aka ce ɗan ƙwaya ne kuwa, sunan zai bi 'ya'yansa har ranar da za a zo neman aurensu. Sai na zaɓa masa aljanin.

Liman ya zo ya yi addu'a, ya ba da shawarar a haɗa da asibiti, Inna ta ce allura ba ta kama iska. Aka hana shi fita don kada ya sake faɗuwa a hanya, ba wanda ya san an raba shi da abin da jikinsa ya saba ne. Washegari da hantsi ya fara. Ya birkice ɗaki yana neman ƙwayar ko da guda ɗaya, ya yaga katifa, ya ɗaga randa ya maka da ƙasa. Na riƙe rigarsa ina haɗa shi da Allah, ya juyo ya naushe ni a kunnen hagu, na ji wani abu ya fashe a ciki, na faɗa kan kwanuka. Yara suka watse suna ihu. Yayansa, wanda muke kira Yaya, ya shigo da gudu ya rungume shi ta baya yana kiran sunansa, shi kuwa ya fizge, ya zari lauje a jikin danga ya kai sara. Yaya ya tare da hannu, laujen ya tsarge shi daga gwiwar hannu har kusa da tsintsiyar hannu. Ban taɓa ganin jini irin na ranar ba, har cikin turmi. Sai da maza suka taru suka danne shi, suka ɗaure da igiyar shanu.

Aka ɗauko wani mai magani daga wani ƙauye ta wajen Ƙofa, wanda aka ce ya yi suna wajen cire iska. Ya sa aka kafa turke a ɗakin ajiyar buhuna, aka sa wa maigidana mari a ƙafa. Kullum da safe sai ya rufe ƙofa ya turara masa hayaƙi mai barkono, sannan ya jiƙa tsumagiya ya hau dukansa, yana cewa aljanin ya faɗi sunansa da garinsu. Ya ce mana kada mu ji tausayi, ba ɗanmu ke jin zafin ba. Ni nake kai abinci, ni nake ganin bayansa duk ya farfashe, yana rawar sanyi cikin zufa, ga amai ga gudawa. Idan ba kowa sai ya kama ƙafata yana kuka, yana kirana uwar 'ya'yansa, yana roƙon in aika kemis a samo masa ko ɗaya ce, in ba haka ba zai mutu a ɗakin nan. In na ƙi sai ya zage ni da zagin da ban san ya iya ba. In fito in wanke fuska, in ce wa Inna da sauƙi. A sallolina ina roƙon Allah Ya kawo mafita, alhali mafitar tana bakina.

Wata rana bayan azahar faɗuwar ta sake zuwa masa yana cikin mari. Mai maganin ya ce yawwa, ga shi ya bayyana, ya kira Yaya da Inna su zo su gani, ya shiga tafkarsa yana shure-shuren, kansa na bugun turke, jini na bin ƙeyarsa. Na ga idonsa ya juye, numfashinsa na sarƙewa. Ban san lokacin da na faɗa a kansa ba, tsumagiyar ta sauka a gadon bayana. Na ɗago na ce a daina, wallahi ba aljani ba ne, ƙwaya yake sha tun shuka, ni nake ƙona ɓawon da hannuna. Inna ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce lallai boko ya yi rana, 'yar da suka ɗauko da mutunci yau ita ke yi wa ɗanta ƙazafi a gaban baƙo, in kawo shaida in da gaske nake. Ba ni da ita, duk na ƙone. Mai maganin ya yi dariya ya ce aljanin ne ya koma kaina, a riƙe masa ni.

Yaya ne ya tsaya tsakani, da hannunsa a naɗe. Ya kira ni ƙanwata kamar yadda ya saba, ya tambaye ni a hankali ko na sani tun kafin ranar lauje. Na ce na sani. Sai ya ce da a wuya saran ya same shi, shin da na ci gaba da rufa asirin har a kai shi makwanci? Duk dukan da na sha bai kai wannan tambayar zafi ba. Shi ya karɓi makulli ya kwance marin, ya sallami mai maganin, ya samo mota muka nufi Kano. Likitan da ya duba maigidana ya ce ƙwayar ce ke kawo faɗuwar, kuma yanke ta farat ɗaya tare da duka da yunwa na iya kashe mutum. Ya yi makonni a kwance, ana janye shi daga ƙwayar a hankali, ana zama da shi ana magana.

Bai dawo gida waliyyi ba. Ya daɗe ba ya haɗa ido da ni, yana ganin na tona shi. Da kakar da ta biyo ya sake sha, na gane daga susar, kuma a ranar na je na faɗa wa Yaya, aka mayar da shi wurin likita kafin abin ya yi nisa. Yanzu ya bar gonar Doguwa, ya daina zama a majalisar su abokin nan, yana karyawa kafin ya fita, yana zuwa ganin likita in lokacinsa ya yi. Ya nemi gafarar yayansa a gaban kowa, ni kuma ya nemi tawa a ɗaki. Kunnena na hagu bai sake ji ba. Inna har gobe cewa take tsamiya ce, na bar ta.

'Yan uwana mata, ban ce babu aljanu ba, Allah Ya ambace su a Littafinsa. Amma idan kin san abin da ke cin mijinki ko ɗanki, kada kunya ta sa ki bari a yi ta maganin abin da ba shi ba. Sutura ana yin ta ne don a kare mutum, wadda na yi kuwa saura ƙiris ta zama likkafani. Ki faɗa wa babba mai hankali tun abin yana ƙarami, a tafi asibiti, a haɗa da addu'a. Ku kuma maza, jiki ba inji ba ne. Yau maigidana kan shigo tun la'asar, ya zube a tabarma ya ce wash, ya gaji. Duk ranar da na ji haka, sai in ce alhamdu lillahi, in tashi in ɗora masa ruwan wanka.