Kujerar da Ke Bakin Tagar Inna Tela

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Safar, ina cikin aji aka zo aka shaida mini Allah Ya karɓi ran Inna Tela, bayan jinyar mako uku. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma.

Inna, kin san ban iya yabo ba. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Bayan shekarun tashin hankali, da masu bindiga suka janye suka bar kowane gida da nasa rashin, mun zauna jiran a zo a tambaye mu abin da ya faru. Ba wanda ya zo. Ke kika riƙa lulluɓe kekunan ɗinkinki da zane kowace Asabar da hantsi, ki jera benci biyu a shago, ki ajiye kujera ɗaya a bakin taga. Wanda aka zalunta ya zauna a kai ya faɗi nasa. Wanda ya yi zaluncin, in ya yarda ya zo, ya saurara a benci kamar kowa. Ni kika naɗa marubuciya, wai hannun malamar makaranta ya fi naki miƙewa.

Ƙa'idarki ɗaya ce: a karanta wa mai magana abin da aka rubuta kafin ya tashi. "Ko riga ce, sai mai ita ya gwada nake cewa na gama," haka kike faɗa. A nan kika kama ni. Wata bazawara mai sayar da kayan miya ta faɗi abin da aka yi mata ɓaro-ɓaro, ni kuwa na rubuta "an ci mutuncinta", har na ƙara da cewa ta bar wa Allah. Da na karanta, ta ce, "Malama, wannan ba maganata ba ce." Kika miƙo mini sabuwar takarda: "Kin tsuke mata wuya, kin ƙara mata hannu. Sake." Har yau ina tambayar kaina, kunya ce ta sa ni, ko kunnena nake karewa na laƙa wa abin sunan addini?

Shekara shida ina rubuta na mutane, ban taɓa zama a kujerar ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, an ɗauke shi a mota daga ƙofar shagonsa na gyaran rediyo, ko gawarsa ba mu gani ba. Mahaifiyarmu ta rasu tana ajiye masa abinci. Direban da ya tuƙa motar yana nan cikin unguwa, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san inda aka binne shi. Sau uku ya aiko ta hannunki yana neman zama, sau uku na ce na haƙura, ba na bukata. Ba ki yi mini wa'azi ba. Bara da ciwo ya soma cin jikin direban, kika tako har gida kika ce, "'Yar nan, in ya tafi, da wurin zai tafi. Marayun ƙanenki fa?"

Na zo. Kika zare biron daga hannuna: "Yau ni ce malama, a yi haƙuri da rubutun tela." Na faɗi nawa, ya faɗi nasa kai a sunkuye, ya ambaci wurin: gindin katanga, bayan tsohuwar ma'ajiyar hatsi. Wani dattijo ya soma cewa to sai a yafe, kika ɗaga hannu: "Baba, wannan nata ne. Ranar da ta ga dama ta bayar."

Yanzu ƙanena yana da kabari, 'ya'yansa sun san inda za su tsaya su yi masa addu'a. Direban ban yafe masa ba tukuna. Ina roƙon Allah Ya kai zuciyata can kafin bakina. Takardar tana wurina, da rubutunki mai karkata. Ba ki rage mini ko kalma ɗaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, musamman babbar 'yarki da ta ce kujerar ba za ta bar bakin taga ba, da duk masu zaman Asabar. Allah Ya ba mu juriyar rashinki. Ya Ubangiji, baiwarKa ta saurari bayinKa ba ta ƙosa ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka zaunar da ita inda babu sauran mai kuka.