Ragowar Ganin Baba a Makka

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da mahaifina, cikin ayarin masu zuwa umra. Likita ya riga ya faɗa mana cewa ganin Baba yana tafiya kuma ba zai dawo ba. Burinsa ɗaya ne, ya ga Ka'aba da idonsa kafin ragowar ganin ta ƙare.

Daga Jidda zuwa Makka titi ne shimfiɗaɗɗe, babu rami ko ɗaya, har na ji haushin namu. An sauke mu a Misfala, unguwar da in ka rufe ido sai ka ce a Fagge kake. A lungu wata mata ta tare mu, tana cewa, "Ta'al ya Hajji, akwai tuwo, miyar kuka marra zaƙi!" wato mu zo, miyar akwai daɗi ƙwarai. Tuwon ya yi daɗi, amma da na juya kuɗinsa zuwa naira sai yunwar ta gudu da kanta.

Jama'a, a ɗawafin farko raina ya ɓaci. Jagoran ayarinmu ya ce Baba zai ja mana jinkiri, ya sa aka ɗora shi a keken guragu, aka hau da shi bene. Mai turawa gudu yake kamar ya ɗauko buhun masara zuwa kasuwa. Jagora yana ƙwala addu'a, mu muna maimaitawa da ihu, rabinmu ba mu san me muke roƙo ba. Wani Alhaji a gefena ya ɗaga waya yana nuna wa matarsa ɗawafi, yana tambayarta ko an kawo wuta. Daga can sama ba abin da Baba ya gani sai haske da fararen inuwoyi. Aka gama, jagora ya ce gobe kasuwa.

Na je na same shi kan yadda za a kai Baba ƙasa kusa da Ka'aba. Ya ce a kwanakin nan sai mai harami ake bari ya sauka farfajiyar Ka'aba, to abin mai sauƙi ne, mu ɗaura harami kawai mu wuce, haka kowa yake yi. Ko kunya bai ji ba! Da na kawo wa Baba shawarar, sai ya ce, "Ni ba zan shiga ɗakin Allah da ƙarya a jikina ba."

Don haka washegari muka bar su da cinikin jallabiya da dabino, muka ɗauki tasi zuwa Tan'im, inda ake ɗaura niyyar sabuwar umra. Muka yi niyya ta gaskiya, muka dawo. Baba ya ce da ƙafarsa zai yi. Na riƙe hannunsa muna tafiya a hankali, ana bangaje mu ta ko'ina, askarawa na cewa mu matsa gaba. Ƙafata ta sha taku, haƙarƙarina ya sha gwiwar hannu, bakina kuwa bai huta da mita ba. Bayan ɗawafi na sama masa wuri kusa, inda baƙin ƙyallen Ka'aba ya cika ido. Na tsaya a bayansa ina kare shi da jikina, ina hararar duk mai ɗaga waya.

Baba ya ɗaga kai ya duba, bai fi ɗan lokaci ba. Da na leƙa fuskarsa sai na ga ya rufe ido. Wallahi na ji kamar in fashe. Duk wannan wahalar? Na sunkuya na ce, "Baba, ku buɗe ido mana, ga ta nan gabanku!"

Bai buɗe ba. Ya ce, "Na ga ɗakin. Yanzu bar ni da Mai ɗakin."

Ya zauna shiru, ko leɓensa ba ya motsi, hawaye na bin gemunsa. Mutane na gittawa, ana ture kafaɗarsa, bai san ana yi ba. Ni kuma idona garau, amma tun da muka shigo masu waya nake kallo, ban ko dubi Ka'abar da kyau ba. Na zauna kusa da shi na kama bakina. Da ƙyar zuciyata ta lafa, kuma a ɗan wannan shirun ne na fara jin cewa a gaban Wani nake.

Mun dawo gida lafiya, da zamzam da tsarabar da ba ta taka kara ta karya ba. Har yanzu ina jin haushin jagoran nan, kuma ba zan sake bin ayarinsa ba. Amma na koyi cewa hayaniyar da ta fi hana mutum sanin Ubangijinsa ita ce wadda yake ɗauke da ita a ƙirjinsa. Ganin Baba ya ƙara raguwa, yanzu da murya yake gane mu. 'Yan barka da zuwa suna tambayarsa ko ya ga Ka'aba, sai ya ce ya gani, kuma abin da ya je nema ba ya bukatar ido.