Duron da Baba Kumfa Bai Cika da Ruwa Ba

A layin masu walda babu wanda ya san ainihin sunansa, Baba Kumfa kowa ke cewa. Shekara talatin da ɗoriya, bai taɓa kunna wuta ba sai ya shafa wa tiyon gas kumfar sabulu tun daga bakin tukunya har kan abin yanka, ya tsuguna yana kallo ko wani wuri zai yi ƙwai. Tukwanen gas ɗinsa biyu kullum a tsaye suke, ɗaure da sarƙa a jikin bango, nesa da rana. Hannu mai maiƙo ba ya taɓa masa su. Kuma ga baki! In ya ga wani yana neman inda gas ke yoyo da ashana, har shagonsa zai bi shi ya wanke shi tas, ya ƙare da tambayarsa ko ya bar wasiyya.

Babbar dokarsa ita ce ta duro. Duk wanda aka kawo a yanka, ko an rantse an wanke shi, sai ya buɗe murfin ya cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi.

Wata Talata da hantsi ƙanwarsa, autar gidansu, ta sauke wani shuɗin duro a ƙofar shagon. So take a raba shi biyu ta riƙa jiƙa wanki.

"Yaya, fetur aka ajiye a ciki fa, kuma ban wanke ba," in ji ta. "Ka yi masa abin da ka saba."

Ta wuce kasuwa. Ya murɗa famfo, ko ɗigo babu. Ga ƙofar ƙarfe tana jira za a zo ɗauka da azahar, ga rijiya sai an tsallaka titi. Ya kai hanci bakin duron ya shinshina, ya jijjiga shi, ya ji a bushe. Ya ce a ransa, wanda ya yi shekara talatin ai hancinsa ya isa shaida. Ya ja baƙin tabarau ya kunna.

Ƙarar har layi na uku aka ji ta. Gindin duron ya tashi ya huda kwanon rufi, shi kuma ya tsinci kansa kwance cikin tarkacen rodi, gemu ya babbake, kunnen hagu yana zubar da jini. A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe, sai haƙuri.

Kafin a sallamo shi labari ya riga ya zaunu: wai Auta ce ta ce masa duron ruwa ne. To, wa zai yarda Baba Kumfa zai yanka duron fetur haka kawai? Matarsa ta daina amsa gaisuwar Auta. Mijin Auta ya yi mata faɗa a gaban 'yan dubiya, ya ce saura kaɗan ta kashe yayanta da ganganci. Duk a falon Baba Kumfa ake yi, yana kwance a doguwar kujera. Da an fara sai ya juya musu mataccen kunnen ya lumshe ido. Amma na daman lafiya lau yake, babu kalmar da ta wuce shi. Kunya ta hana shi cin abinci, sunan da ya tara kuma ya hana shi buɗe baki. Auta ba ta fasa zuwa ba, kullum da kwanon abinci, ta ajiye ta zauna a bakin ƙofa.

Rana ta tara masu walda suka zo a ƙungiyance. Shugabansu ya ce sun yanke shawara, Baba ne zai riƙa koya wa sababbin shiga ƙa'idojin aiki, tunda abin da ya same shi ma laifin wata ne.

Baba Kumfa ya tashi zaune da ƙyar. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ta faɗa mini. Da bakinta ta ce fetur ne. Ruwa ne babu, na yi ƙyuyar tsallaka titi."

Shugaban ya shiga gyaran hula, matar Baba ta sunkuyar da kai, mijin Auta ya zura wa silifas ɗinsa ido.

Baba Kumfa ya juya wajen ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita. "Auta, ki yafe mini."

Ta taso ta zagayo ta ɓangaren kunnen da ke ji, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Na yafe, Yaya. Faɗan da aka yi mini bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, kullum sai in ga ka juya kunne, alhali na san kana ji."