Layin da Na Saba Tsallakewa

Shekara goma sha shida na yi ina tallar magani, amma ba irin tallar da ake ɗora faranti a ka ba. Jaka ce ta fata, da takalmi mai tsini, da motar kamfani mai sanyi, ina bin asibitoci ina lallashin likitoci su riƙa rubuta wa marasa lafiya maganinmu. A unguwarmu Maamobi ba wanda ya damu da wannan dogon bayani. Tunda an ga ina shiga asibiti ina fita, shi ke nan na zama Dokta. Na gaji da musu na bar su, don gaskiya sunan yana min daɗi.

Da kamfani ya ce zai rage ma'aikata, wanda ya yarda ya tafi da ƙafarsa za a ba shi haƙƙinsa a dunƙule, ban yi kwana uku ina shawara ba na sa hannu. Ba wanda ya tura ni. Bayana ya gaji da kujerar mota, kunnena ya gaji da taron safiyar Litinin inda manaja ke karanto sunan wanda bai sayar da abin da aka yanka masa ba. Suna, aure, addu'ar bakwai, duk ni ce mai aiko da gudummawa a ambulan, har wata gwaggona ta ce ta fi sanin rubutuna da fuskata.

Makonnin farko na sha iska. Na sha koko a zaune, ba a cikin cunkoson motocin mahaɗar Kawukudi da sitiyari a hannu ɗaya ba. Daga baya wayata ta yi shiru, sai kewa ta kama ni kamar zazzaɓi. Na yi kewar hawan tudun Aburi da sassafe, gilashi a sauke, da burodi mai zafi a kujerar gefe. Na yi kewar ƙarshen shekara, lokacin da nake raba kalanda, duk shagon tela da na aski a unguwar Nima ka ga maganin hawan jininmu a rataye a bango. Har manajan nan mai baƙar magana na yi kewarsa, abin kunya. Ranar da na fara tsayawa jiran trotro, motar hayar gama-gari, yaron mota yana ce min in matsa, sai da na haɗiye hawaye. Da na sani ƙeya ce.

Amma duk wannan bai kai shirun Mma damuna ba. Mahaifiyata ce, da kuɗin koko da ƙosai ta yi min makaranta bayan rasuwar Baba. Ranar da na gaya mata na ajiye aiki, ta dube ni ta ce, “To.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Wata huɗu ina jiran sauran maganar. Mace ce da ba ta raga wa kowa, in ka saka gishiri ya yi yawa sai unguwa ta ji, amma a kan wannan ta kulle bakinta. Na yanke wa kaina hukunci cewa na ba ta kunya, ta haifi Dokta ta wayi gari da mai zaman gida, kuma abin yana ci na ƙwarai.

Mma tana da hawan jini, duk bayan 'yan watanni takan je ganin likita. Lokacin ina aiki ba ta taɓa yarda na kai ta ba, ko in yi mata magana da wani. Maƙwabciyarmu take bi, ta ce aikina ya ishe ni. Yanzu da ba ni da uzuri, na ce ni zan raka ta. Muka fita bayan asuba, muka karɓi kati, muka zauna a bencin ƙofar likita.

Na san barandar nan kamar tafin hannuna, amma ban taɓa sanin bencin yana da tauri haka ba, don ban taɓa zama a kansa ba. Mu masu tallar magani ba ma bin layi. Ki gai da nas, ki ajiye mata biro biyu, ki ce minti biyu kawai. Da mara lafiya ya fito sai ki sulale ciki. In likitan mai son hira ne, minti biyun ya zama ashirin. Dabarar da wadda ta koya min aiki ta fara ba ni ita ce, kada ki dubi mutanen benci, ki sa ido a wayarki.

Wajen ƙarfe goma sai ga wata mai irin aikin da na bari. Yarinya ce 'yar gayu, da jakar fata da ƙamshin turare, takalminta yana ƙwas-ƙwas. Ba zan ɓoye ba, hassada ce ta fara zuwa min. Har ina gyara mata aiki a zuciyata, ina cewa ai ba haka ake riƙe takardu ba. Ta yi wa nas raɗa, ƙofa ta buɗe, ta shige. Wani tsoho da layi ya zo kansa ya riga ya dafa sanda ya miƙe rabi, sai ya koma ya zauna a hankali.

Benci ya ɗauki guna-guni, da yaren Twi da na Ga da Hausa. Wata mata mai kumburarrun ƙafafu da ke gefen Mma ta yi tsaki ta ce, “Masu jakan nan, wai ba su da uwa ne?”

Na sunkuyar da kai ina wasa da katin Mma. A daidai lokacin nas ɗin ta hango ni. Tsohuwar sani ce, ta ci birona ba adadi. Da gurguwar Hausarta ta ɗaga murya.

“Ei, Madam! Kai ne a benci? Maman ka ne wannan? Kawo katin shi, in wancan ya fito sai ku shiga.”

Sabo turken wawa. Kafin in yi tunani har na miƙe, na miƙa hannu da katin. Sai na ji Mma ta riƙe min gefen zane.

“Zauna,” ta ce. Ta dubi nas ta yi murmushi. “Mun gode, 'yata, Allah ya yi albarka. Akwai mutane gabanmu.”

Na zauna raina a ɓace. Na matsa kusa da kunnenta na ce, “Mma, tun asuba ba ki ci komai ba. 'Yar alfarmar da ta rage min ke nan, ita ma ba za ki bari in yi miki ba?”

Ba ta dube ni ba, ƙofar likita take kallo. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Sau uku ina nan zaune kika wuce ta gabana.”

Na ce, “Ni?”

“Ke. Da jakarki, kina danna waya. Ran farko na ji daɗi, har na ɗaga hannu zan kira ki, in nuna wa mutane. Sai ta kusa da ni ta faɗi irin abin da wannan baiwar Allah ta faɗa yanzu. Na sauke hannuna, na ja mayafi na rufe fuskata. Sauran biyun ma haka na yi.”

Na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na ce, “Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?”

“In ce me? Da aikin nan kike ciyar da mu. Ba a ci a hannun mutum a ce masa hannun da datti.” Ta gyara zama. “Da kika zo kika ce kin bari, na ga ranki a jagule yake. In na nuna murna sai ki ce ban san zafinki ba. Amma raka'a biyu na yi na gode wa Allah.”

Kunya da sanyin rai suka haɗu suka rufe ni. Har yau ina kewar motar nan da tudun Aburi, ba zan yi ƙarya ba, kuma akwai safiyar da nake tashi in ji da ban sa hannu ba. Amma a kan bencin nan na daina jin tsoron fuskar Mma.

Yarinyar ta fito, ta wuce ido a waya. Tsohon ya dafa sandarsa ya shiga. Muka matsa gaba da mutum ɗaya. Matar mai kumburarrun ƙafafu ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi Mma, “Hajiya, wannan fa?”

Mma ta ɗora hannu a gwiwata, ta ɗaga murya yadda duk benci zai ji.

“'Yata ce. Ita ta kawo ni.”

Sai bayan azahar aka kira mu.