Kunnuwan Ɗana da Kaset ɗin Suna

Tun da na haihu a Salaga surukata take jan kunnen ɗana tana cewa, "Wannan faifai daga ina? Mu dai a gidanmu babu irinsa." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na san abin da take nufi, kuma maganar ta fara zaga unguwa.

Ana nan sai mijina ya tono kaset ɗin bikin sunansa shi kansa a ƙasan akwatin uwar tasa, duk ya yi fumfuna. Ya kai Tamale aka juye shi a waya, ya tura wa dangi har na Yendi da Bawku. Muka taru a tsakar gida muna kallo. Ga wanzami yana yi wa jariri aski, ga kunnuwa a baje kamar murfin tukunya. Sai da ya lanƙwasa ɗaya da yatsa kafin aska ta wuce.

Na ce, "Mma, wannan ɗan waye?"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Damina ce ta ɓata kaset ɗin."

Daga ranar ɗana ya zama mai kunnen arziki, irin na gidansu.