Cawo, Gaisuwar Maƙwabciyata

Shekarata ta farko a ƙasar waje, a unguwar Mount Hope, mutum ɗaya ce ke gaishe ni a duk benenmu, wata tsohuwa 'yar Italiya da ƙofarta ke kallon tawa a hawa na huɗu. Sauran maƙwabta ko a lifta muka haɗu, kowa sai ya kafe lambobin hawa da ido.

Ranar da na fara ganinta tana fitar da shara, na yi abin da aka koya mini a Kano, na durƙusa har ƙasa. Baiwar Allah ta saki ledar, ta riƙo kafaɗata tana tambaya ko jiri ne ya ɗebe ni, ko ta kira motar asibiti. Ni da nake aiki a asibiti! Da na yi mata bayani ta yi dariya har da tari.

Ita gaisuwarta kalma ɗaya ce, ciao, suna furta ta cawo. Na raina ta ƙwarai. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ya mutanen gida. Wata safiya na kasa haƙuri na faɗa mata.

"Kada ki raina ta," in ji ta. "Mutanen birnin Venice na da, can ƙasarmu, in sun haɗu cewa suke, ni bawanka ne. Baki ya yi ta cinye maganar har saura wannan guntun. Kalmar bawan ma daga sunan Slav ta fito, mutanen gabashin Turai da ake kamowa ana sayarwa. Mu ma mun taɓa durƙusawa, 'yata, gwiwa ce ta gaji."

Tun daga nan da ta ji motsin makullina take buɗe ƙofa. In jero mata gaisuwa da Hausa, ta jira in gama tsaf, sannan ta ce cawo. Wallahi da wannan nake wuni.

Bayan shekara biyu ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa gidan tsofaffi a New Jersey. Na riƙe mata jaka har mota, na taka mata a ƙafa har kwanar titi, ɗan yana ta kallona ta madubi.

Satin da ta tafi hutuna ya faɗo Asabar da Lahadi. Safiyar Litinin direban bas ya tambaye ni wani abu, na buɗe baki muryata ta fito a dishe. Sai a nan na tuna tun Juma'a ban yi magana da kowa ba, in ba a salla ba.